Boccherini da jita: ina Sifaniya take a cikin kiɗan?

Sagir ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan kiɗe-kiɗen mutum biyar ce da Luigi Boccherini ya tsara wa jita tare da dangin goge huɗu, wato biyolin biyu da biyola da celo. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne mai lamba G. 448, wanda ake kira Fandango, sunan wata rawar Sifaniya, saboda kashinsa na ƙarshe, kuma shi ne ya ja ni zuwa ga sauran. A wannan kashi na ƙarshe babu mai musun cewa Sifaniya ake ji, domin ga jita tana kaɗawa da ƙarfi, ga kastanet, wato 'yan katakon da ake tafawa a tafin hannu, suna amsawa, ga bugun rawa da ba ya barin mutum ya zauna shiru.

To amma da na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar da wani abu dabam. A mafi yawansu jita ba ta jan gaba, tana dai rakiya ne a bayan biyolin, wani lokaci ma sai mutum ya kasa kunne sosai kafin ya ji ta, kuma salon kiɗan ya fi kama da na Italiya ko na zamanin Haydn, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, fiye da abin da na sani na Sifaniya. Don haka nake son waɗanda suka san tarihin abin su warware mini abu biyu. Na farko, shin daidai ne a kira waɗannan ayyuka kiɗan Sifaniya, ko kuwa kashi ɗaya ne tak ya jawo musu wannan suna? Na biyu, me ya sa mutumin da ya shafe kusan shekara 37 a ƙasar da jita take a kowane lungu bai ba ta babban matsayi ba a lokacin da ya tashi rubuta mata kiɗa? Allah Ya saka da alheri.

Malam Isuhu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Kunnenka bai yaudare ka ba, kuma amsar tambayarka ta biyu tana cikin yadda aka yi waɗannan ayyuka suka samu, don haka da ita zan fara.

Boccherini mutumin Lucca ne a Italiya, an haife shi a 1743, kuma celo ne abin kiɗansa tun yana yaro. Ya isa Sifaniya a 1768 bayan ya yi suna a Paris, sannan a 1770 ya shiga hidimar Don Luis, ƙanen Sarki Carlos na Uku. A gidan wannan yarima akwai wani makaɗi mai suna Francisco Font da 'ya'yansa uku, waɗanda suka cika rukunin mutum huɗu, shi kuma Boccherini ya zama na biyar da nasa celo. Wannan ne ya sa ya rubuta kiɗan mutum biyar mai celo biyu fiye da ɗari, kuma a nan ne ainihin ƙwarewarsa take. Jita ba ta cikin wannan tsari ko kaɗan.

Sai a ƙarshen rayuwarsa ta shigo. Don Luis ya rasu a 1785, Sarkin Prusiya Friedrich Wilhelm na Biyu, wanda shi ma mai kaɗa celo ne kuma yake biyansa albashi tun 1786, ya rasu a 1797, magajinsa kuwa bai ci gaba da biyan ba. A daidai wannan hali ne wani basarake ɗan Kataloniya, Markis na Benavent, mai sha'awar jita wanda ba sana'arsa ba ce, ya nemi a ba shi kiɗan da zai zauna ya kaɗa tare da ƙwararru a gidansa. Tsakanin 1798 da 1799 Boccherini ya biya masa wannan bukata, amma bai zauna ya ƙirƙiro sababbi ba. Ya ɗauko tsofaffin ayyukansa ne ya sake musu zubi. Mafi yawansu daga kiɗe-kiɗen fiyano da dangin goge ya juyo su, kamar G. 451 da ya fito daga G. 407, wasu kuma ya harhaɗo su daga wurare dabam-dabam. Shi G. 448 da kake magana a kai, kashi biyu na farko daga wani aiki na 1771 suka fito, Fandango kuma da ɗan gajeren kashin da ke share masa fage daga wani na 1788. Bai ma ba su lamba a jerin ayyukansa da yake rubutawa da hannunsa ba, lambobin G ɗin da muke amfani da su Yves Gérard ne ya sa su a 1969. Guda takwas ne suka iso gare mu, daga G. 445 zuwa G. 453, ban da G. 452 da ya ɓata.

Ka ga ke nan, makaɗin fada a ko'ina yake a duniya yakan auna abin da ubangidansa zai iya ɗauka kafin ya buga. Da Boccherini ya cika rabon jita da gudu da wahala irin wanda yake ba celo, da Markis bai iya kaɗa shi ba, da kuma aikin bai yi amfanin da aka biya kuɗi dominsa ba. Shi ya sa ko a G. 448, idan ka saurari kashi na biyu, celo ne yake hawa can sama yana baje kolinsa, jita tana tallafa masa.

Game da tambayarka ta farko, ra'ayina shi ne kada ka nemi Sifaniya a jikin jitar. Tun kafin a sa jita a cikin wannan kiɗa Sifaniya tana ciki. Fandangon nan na 1788 babu jita a cikinsa, biyolin biyu ne da biyola da celo biyu, kuma Boccherini ya nuna a kansa cewa yana kwaikwayon fandangon da Padre Basilio yake kaɗawa ne a jita. Wannan Padre Basilio, wanda sunansa na asali Miguel García, malamin coci ne da ya yi fice da jita a Madrid, kuma shi ake cewa ya koyar da gwanin jita Dionisio Aguado. Wato abin da ya faru shi ne, Boccherini ya ji jita, ya mayar da sautinta kan dangin goge, bayan shekara 10 kuma ya dawo da ita mazauninta. A ganina wannan ne dalilin da ya sa kashin nan ya zauna daram fiye da sauran, domin tun asali tunanin jita ne a cikinsa.

Haka abin yake a aikinsa na wajen 1780 mai lamba G. 324, wanda ya siffanta kiɗan dare a titunan Madrid. Ya rubuta shi ne yana nesa da birnin, domin bayan Don Luis ya auri matar da ba jinin sarauta ba a 1776 dole ta sa ya bar fada, har ya ƙare da zama a Arenas de San Pedro a gindin duwatsun Gredos, makaɗansa suna biye da shi. A cikin aikin akwai ƙararrawar coci da gangar sojoji da rawar makafi masu bara, kuma a wannan rawar ya umarci masu celo su ɗora shi a kan gwiwa su riƙa kaɗa shi da yatsu kamar jita. Mutumin da ya yi wannan ya saurari titi da kyau. Sai dai kuma gaskiya ce cewa ƙashin bayan kiɗansa na Italiya ne, kuma yawancin kashe-kashen da ke cikin waɗannan ayyuka takwas ba su da wata alaƙa ta musamman da Sifaniya in ban da cewa a can aka rubuta su. Ni nakan ce kiɗan Madrid ne na wancan zamani, birnin da manyansa suke sauraron salon Italiya a falo, suna kuma sha'awar sa tufafin talakawan unguwa da yin rawarsu, abin da mai zane Goya ya zana sau da yawa.

Yakubu Mai Jita ya amsa:

Ranka ya daɗe, Malam Isuhu, tarihin da ka kawo haka yake, amma ina neman izini in ɗan saɓa a wuri ɗaya, domin kada Sagir ya tafi da tunanin cewa jita 'yar rakiya ce kawai wadda za a iya cirewa ba a rasa komai ba. Wanda ya taɓa zama ya kaɗa rabon jita a cikin waɗannan ayyuka ya san cewa sauƙinsa a takarda ne, aikin da yake yi a cikin rukunin kuwa babba ne.

Dangin goge suna jan sauti ne, izga tana tafiya sauti yana ci gaba, kuma mai kaɗawa yana iya ƙara masa ƙarfi bayan ya fara. Jita ba haka take ba, da zarar yatsa ya saki tsirkiya sautin ya fito da kaifi, daga nan sai raguwa. Idan aka haɗa su, jita ce take sa wa kowane bugu baki, ita take nuna inda ƙafa za ta sauka, su kuma huɗun suna cike tsakani. Ka saurari G. 407 da fiyano, sannan ka saurari G. 451 da jita, za ka ji cewa kiɗa ɗaya ne amma nauyinsa ya sauya. Fiyano yana iya tsayawa shi kaɗai ya fuskanci mutum huɗu, har ya danne su. Jita ba ta da wannan ƙarfi, don haka Boccherini ya kwashe wasu abubuwan da fiyano yake yi ya raba wa biyolin da celo, ya bar wa jita tsinkar sauti ɗaya-ɗaya da riƙe bugu da ɗan amsa-amo nan da can. Sakamakon shi ne kiɗan ya zama hira ta mutum biyar da ba mai ɗaga murya, kuma ni na fi son G. 451 a wannan siga nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun irin jitar. Wadda muke gani yau, mai faɗin ciki, tsarin Antonio de Torres ne, wanda aka haifa a 1817, shekara 12 bayan rasuwar Boccherini, tsirkiyar nailan kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zo. Jitar da aka fi kaɗawa a Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 18 ƙarama ce, mai layi shida amma kowane layi tsirkiya biyu ne a jere, na hanjin dabba, irin wadda gidan Pagés da Josef Benedid suke ƙerawa a Cádiz. Sautinta bai kai na yanzu kauri ba, sai dai yana da ƙyalli, kuma idan aka share tsirkiyoyin gaba ɗaya sukan yi wani kuwwa mai yawa. Su ma biyolin da celo na lokacin da tsirkiyar hanji suke, ba su kai na yau ƙara ba, kuma a ɗaki ake kaɗa su gaban mutane kaɗan. Saboda haka matsalar da Sagir ya ambata ta rashin jin jita, rabinta daga zamaninmu ta fito, lokacin da aka ɗauki kiɗan ɗaki aka kai shi babban zaure da kayan kiɗa masu tsirkiyar ƙarfe.

Bari in nuna abu guda a kan Fandango da hannu yake ganewa kafin kunne. Gaba ɗayansa yana kai-komo ne tsakanin gamin sauti biyu, na D da na A, ya je ya dawo, kusan daga farko har ƙarshe. A jita kuwa tsirkiya ta huɗu D ce, ta biyar kuma A ce, ba sai an danna su ba. Wato babban yatsan hannun dama yana samun tushen kiɗan a sake, tsirkiyoyin nan biyu suna ta amo, hannun hagu kuma ya sami sararin yin ado a sama. Sai kuma a zo wurin sharar tsirkiya, inda ake dunƙule yatsun dama a sake su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, bayan farce yana bi ta kan dukkan tsirkiyoyin kamar an watsa tsakuwa. A daidai nan celo yakan zame da yatsa daga ƙasa zuwa can sama, kuma a rubuce yake cewa a wani wuri a shigo da kastanet. Wanda ya tsara wannan ya san abin da jita take so, ko da kuwa ba abin kiɗansa ba ce.

Idan kana son ka gwada da kunnenka, Sagir, nemi naɗin sautin Pepe Romero tare da makaɗan Academy of St Martin in the Fields, wanda yake da jitar zamani, hannunsa kuma na gidan da ya san flamenko ne, wato salon waƙa da rawa da jita na kudancin Sifaniya. Akwai na Narciso Yepes da rukunin Melos, inda Lucero Tena take riƙe da kastanet. Sannan ka nemi waɗanda suka yi amfani da kayan kiɗa irin na da, kamar José Miguel Moreno tare da La Real Cámara, ko Rolf Lislevand a ƙarƙashin Jordi Savall. A waɗannan na ƙarshen ne za ka ji jita tana ratsa sauran ba tare da an ƙara mata murya da na'ura ba. Abin da ba na so shi ne yadda wasu suke gudu da Fandango kamar ana korarsu, alhali ƙarfinsa a maimaitawa yake, a hankali yake taruwa.

Sagir ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Isuhu da Yaya Yakubu, bayanin ya shiga. Tun da an ambaci flamenko, akwai abin da nake son a ƙara mini haske a kai. Na sha jin ana cewa duk wani kiɗa na kudancin Sifaniya daga Musulman Andalus ya samo asali, kuma yadda Fandango yake juyawa a kan sauti biyu yana komawa ya tsaya a kan na biyun yakan sa in ji kamar akwai wani abu na gabas a ciki. Shin fandangon da Boccherini ya ji a Madrid gadon Andalus ne, kuma shi ne flamenkon da muka sani yau, ko kuwa abubuwa ne dabam-dabam da muke haɗawa saboda duk da jita ake yin su?

Hajiya Binta ta amsa:

Ɗana Sagir, wannan tambaya ta fi ta farko wuya, kuma wuri ne da son zuciya yake saurin shiga, domin dukkanmu muna da ƙauna ga tarihin Andalus. Babu shakka zaman Musulmi na kusan ƙarni takwas a can ya bar alama a harshe da gine-gine da kiɗa, kuma ud, abin kiɗa mai tsirkiya na Larabawa, ta wannan hanya ya shiga Turai. Amma idan ana maganar fandango shi kansa, sai mu bi abin da takardu suka nuna. Granada ta faɗi a 1492, an kori ragowar zuriyar Musulmi tsakanin 1609 da 1614, fandango kuwa bai bayyana a rubuce ba sai farkon ƙarni na 18. A 1712 wani malamin coci mai suna Manuel Martí ya siffanta rawar kamar yadda ake yin ta a Cádiz, sannan ƙamus na hukumar harshen Sifaniyanci da ya fito a 1732 ya bayyana ta a matsayin rawar da mutanen da suka zauna a ƙasashen Amurka da ke ƙarƙashin Sifaniya suka shigo da ita. Cádiz kuwa ita ce tashar da ake hada-hadar jiragen ruwa da waɗannan ƙasashe, har ma aka mayar da ofishin kula da wannan ciniki can daga Sevilla a 1717. Saboda haka shaidar da ta fi kusa da lokacin tana nuna teku ne da tashar jiragen ruwa, inda Turawa da 'yan Afirka da mutanen Amurka suke cuɗanya. Masana suna da ra'ayoyi mabambanta a kan rabon kowane ɓangare, amma wanda ya ce kai tsaye daga fadar Musulmi ta Kurɗuba rawar ta fito ya faɗi abin da ya wuce hujjarsa.

Flamenko kuma ƙane ne, ba wa ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 ya kammala siffarsa a gidajen shan gahawa na Andalusiya inda ake waƙa da rawa, shekaru da dama bayan rasuwar Boccherini a 1805. Gaskiya ne cewa wasu rassan flamenko, kamar fandangon Huelva da malagenya, daga tsohon fandango suka tsiro, shi ya sa kunnenka yake jin dangantaka. Sai dai wanda ya kaɗa G. 448 da kukan murya da karyewar bugu irin na flamenko ya ɗora masa abin da bai zo ba tukuna a zamaninsa. Fandangon ƙarni na 18 rawar mutum biyu ce, mace da namiji suna fuskantar juna ba tare da sun taɓa juna ba, da bugu uku-uku, da jita da kastanet, kuma daga unguwannin talakawa har gidajen manya ana yin ta, duk da cewa masu wa'azi suna sukarta.

Ya kamata kuma a san cewa Boccherini ba shi kaɗai ya ɗauke ta ba. Akwai dogon fandango na harfsikod, abin kiɗa mai kama da fiyano, da ake dangantawa da Antonio Soler, malamin cocin El Escorial da ya rasu a 1783, wanda shi ma a kan D da A yake juyawa fiye da minti 10. Gluck ya sa fandango a wasan rawarsa na Don Juan a Biyana a 1761, Mozart kuma ya sa irinsa a kashi na uku na wasan auren Figaro a 1786, domin labarin a kusa da Sevilla yake faruwa. Ka saurari na Mozart ka kwatanta da na Boccherini, za ka ji bambancin wanda ya san rawar daga nesa da wanda ya zauna cikin masu yin ta. Na Mozart yana da ladabi da tsari, ya yi aikinsa a dandali ya wuce. Na Boccherini kuwa yana nacewa, yana komawa wuri ɗaya ba ya gajiya, har sai maimaicin ya zama shi ne abin sauraro.

Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malam Isuhu, domin Sagir ya ce kashi ɗaya ne tak yake jin Sifaniya a ciki. Akwai na biyu, wato ƙarshen G. 453, wanda aka ɗauko daga kiɗan daren Madrid. Taken sojoji ne na sanar da cewa dare ya yi a koma gida, kuma Boccherini ya maimaita shi sau da dama yana sauya masa ado, ya fara can ƙasa-ƙasa kamar masu sintiri suna tahowa daga nesa, ya yi ta ƙaruwa har su iso gabanka da ganga, sannan ya riƙa raguwa yayin da suke wucewa. Babu rawa a nan, babu kastanet, amma birnin ne da dokarsa ta dare. Boccherini da kansa ya rubuta wa mai buga ayyukansa a Paris, Ignaz Pleyel, cewa kiɗan daren nan ba shi da amfani a wajen Sifaniya, domin masu sauraro ba za su gane ma'anarsa ba, makaɗa kuma ba za su kaɗa shi yadda ya kamata ba. Ba a buga shi ba sai bayan rasuwarsa. Duk da haka ya yi ta komawa ga wannan take yana sake masa zubi, har mai tsara kiɗa ɗan Italiya Luciano Berio ya tattara sigogi huɗu nasa ya ɗora su a kan juna ga babbar ƙungiyar makaɗa a 1975.

Malam Isuhu ya ƙara da cewa:

Hajiya ta gama magana a kan fandango, kuma na karɓi gyaran Yakubu a kan aikin da jita take yi a cikin rukunin. Abin da ya rage shi ne in nuna wa Sagir inda zai sami jita tana jan gaba, tun da abin da ya fara nema ke nan.

Mutumin da ya kamata ka sani shi ne François de Fossa, wanda aka haifa a Perpignan a 1775 ya rasu a Paris a 1849. Soja ne, ya yi aiki a rundunar Sifaniya, ya zauna a Meziko, daga baya ya koma rundunar Faransa, kuma gwanin jita ne. Shi ne ya kwafe ayyukan jita na Boccherini da hannunsa a Madrid a 1811, kuma kwafin nan, wanda yanzu yake ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washington, shi ne madogarar guda shida daga cikin takwas ɗin da muke saurara. Shi da kansa ya rubuta kiɗan mutum uku guda uku na jita da biyolin da celo, masu lamba 18 a jerin ayyukansa, da kiɗan mutum huɗu guda uku masu lamba 19, inda jita biyu suke zama da biyolin da celo. A cikinsu jita tana ɗaukar kari ta miƙa wa biyolin ta karɓo, kafaɗa da kafaɗa, domin mai rubutun da hannunsa yake kaɗa ta. Salon nasa dai na Haydn ne, wanda ya juya wasu ayyukansa zuwa jita biyu. Shi ne kuma ya fassara littafin koyon jita na Aguado zuwa Faransanci a 1826.

A cikin Sifaniya kanta, shekarar 1799 ta ga fitowar littattafan koyon jita na Fernando Ferandiere da Federico Moretti a Madrid, daidai lokacin da Boccherini yake yi wa Markis aiki, kuma Ferandiere ya lissafa kiɗe-kiɗe masu yawa da ya rubuta wa jita da dangin goge, waɗanda mafi yawansu suka ɓata. Fernando Sor da Aguado, manyan gwanayen jita na ƙasar, sun fi mayar da hankali ga jita ita kaɗai ko jita biyu, kuma dukkansu a Paris suka yi shekarunsu na shahara. Wannan ya sa fagen jita da dangin goge ya koma hannun 'yan Italiya, irin su Mauro Giuliani, wanda ya zauna a Biyana daga 1806 zuwa 1819 kuma yake da kiɗan mutum biyar mai lamba 65, da Paganini, wanda ya bar kiɗan mutum huɗu guda 15 da jita a ciki. A wajensu za ka sami gudu da gwaninta yadda kake so, sai dai ba za ka sami fandango ko titin Madrid ba. Shawarata ita ce ka fara da na mutum uku na de Fossa, daga nan ka saurari fandangon Aguado mai lamba 16 na jita ita kaɗai, domin ta hannun ɗalibin Padre Basilio ya fito, sannan ka nemi G. 341, wato aikin Boccherini na 1788 da aka ɗauko Fandango daga ciki, ka ji yadda celo biyu suke yin aikin da daga baya aka ba jita.